Abin da Inna Ta Gaya wa Tunkiya

Ni ce 'yar farin Inna, kuma a wajenmu, can arewacin Adar, wannan ba gata ba ne, aiki ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido, ba ta yabonsa, in ma ya faɗi ya fasa baki a gabanta sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. Kunya ke nan. 'Yan matan yanzu sun watsar, ina ganinsu a nan Tawa suna ɗaukar hoto da 'ya'yansu na fari kunci manne da kunci, amma Inna ta riƙe abin nan da hannu biyu har ƙarshen ranta. Tun da na yi wayo, sunana a bakinta "wagga". In na yi abin kirki, wagga. In na ƙona miya, wagga.

To amma dole uwa ta yi wa 'yarta magana, sai Inna ta samo hanya. Takan yi wa duk abin da ke kusa da ita magana, ni kuwa in tsaya in ji. Wani lokaci turmi, wani lokaci kaza, amma galibi tunkiya. Tsakar gidanmu bai taɓa rabuwa da tunkiya ba, in wannan ta tsufa 'yarta ta gaji turken, can gindin rumbu. Sai ka ji Inna ta ce, "Ke tunkiya, wasu mutane sun ga hadari ya haɗo, amma sun bar shanya waje." Sai in ruga in kwashe. Ranar da za a kawo ni gidan miji Tawa, duk nasihar da uwa ke yi wa 'ya, tunkiya aka yi wa. Ina bayan danga ina kuka, ita tana tuƙa abinta.

Ƙannena maza biyu ba su san wannan wahala ba. Su ana kiransu da suna, ana yi musu faɗa kai tsaye, saboda haka ba su taɓa bukatar kasa kunne ba, kuma ba su koya ba. Babban ya tafi biɗa, neman kuɗi, Abijan tun yana saurayi, yana da shago a can, kuma tun rasuwar Baba shi ne mai faɗa a ji, ko da yake a bayana ya yi wayo, ni na goya shi. Auta yana ƙauye da matarsa, gida ɗaya da Inna, yana noma. Ni kuma ɗinki nake yi a Tawa.

Da kaka abin ya fara. Na je ƙauye kamar yadda na saba, in taya su aikin gero in kuma samo ɗan wakena. Motar kasuwar Takanamat ta sauke ni, amalanken jaki ya ƙarasa da ni. Tun kafin in shiga gida na ji dakan Inna, kuma ban so abin da na ji ba. Dakan Inna yana da kiɗa, ko cikin matan gari duka ina gane shi. Ran nan sai na ji ana saukar da taɓarya kaɗan, a huta, a sake. Da na shiga na tarar tana yi da hannun hagu, na dama yana manne da jikinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon turmi, ta ce wa matar auta a ba wagga ruwa.

Sai washegari da la'asar, auta da matarsa suna gona, gida ya rage daga ni sai ita. Ina tsince wake a kan tabarma, ta ɗauko dusa ta nufi gindin rumbu.

"Ke dai kin ji daɗinki, tunkiya," in ji ta. "Ba daka, ba ɗaukar ruwa. Wata macce nan gabas ga gari, an ce wani abu ya hito mata ga mama, awa ƙodagon goruba. Da hwari ba shi ciwo. Yanzu ko shina hana mata kwanciya ga wanga gehe."

Gabas da garinmu babu gidan kowa, gonaki ne kawai da wata tsohuwar rijiya. A duk rayuwata ban taɓa mayar da amsa ta wannan hanyar ba, nawa ji ne da aikatawa. Amma ran nan na tashi, na je na tsuguna ɗaya gefen tunkiyar, ina yi kamar ina cire mata ƙarangiya.

"Tunkiya," na ce, "maccen nan, tun yaushe ta gan shi?"

Inna ta ci gaba da zuba wa tunkiya dusa. Har na yi zaton na ɓata abin.

"Tun kahin shibka."

"Ta gwada ma wani?"

"Wa za ta gwada ma? Ɗiyanta maza na. Matar ɗanta ko yarinya ta."

"Ki ce mata ta taho asibitin Tawa, lokotoro shi diba ta."

"Macce ba ta tashi hakanan ta bar gida cikin kaka, masu gida ba su ce ba. Kuma ina za ta sabka? Gidan surukinta?"

Ta karkaɗe kwanon dusa ta shige ɗaki. Na gane abin da take nufi sarai. Ba za ta bi ni ba, ba za ta kwana gidan mijina ba, kuma ba za ta roƙi kowa ba. Sai dai 'ya'yanta maza su ce ta tashi, ɗayansu ya kai ta. Ni nawa in sa su ce.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Da auta ya dawo daga gona na ja shi bayan gida. Yaya mace za ta ambaci maman uwarta gaban ƙanenta? Na ce Inna ba ta da lafiya, wani abu ya fito mata a ƙirji. Ban rufe baki ba ya tare ni.

"Tsuhwa na, Yaya. Gajiyar kaka ta, kowa haka shike."

Na ce ya tsaya in gama. Ina! Ya riga ya juya, ya tsaya tsakar gida gaban matarsa ya ɗaga murya kamar mai kiran shanu.

"Inna, wai ba ki lahiya?"

"Lahiya lau. Wa yac ce?"

Ya dube ni ya ware hannuwa. Wallahi da ina riƙe da muciya da na kwaɗa masa.

Da safe na hau tudun da aka fi samun layi na kira na Abijan. Ina jin hayaniyar shagonsa, yana yi mini magana yana yi wa masu saye. Ya ce in bari zai kira ta da kansa. Da na koma gida ya kira wayar auta, aka miƙa wa Inna, ina zaune na ji komai. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina gida, ina dabbobi, yaya jiki, alhamdu lillahi. To madalla, a gaida kowa. Ya kashe.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san gaisuwa ba wurin faɗin gaskiya ba ce. Ko mutum na kan gargara ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Magana tana zuwa ne bayan an gama gaisuwa, an yi shiru, shirun ya ɗan yi nauyi, sannan mai magana ya yi gyaran murya ya ce, "To, dama dai..." Ƙanena bai taɓa kaiwa wurin nan ba. Shiru yana ƙona shi.

Da na koma tudun na sake kiransa sai ya yi dariya. "Yaya, ni da kunnena na ji ta, ta ce lahiya lau. Ke ko tunkiya kinka ji. Ke da Inna ba ta ko yi miki magana, ke za ta ba asirinta?"

Na sha jin maganganu a duniya, amma wannan ta zauna mini a ƙirji. Na sauko daga tudun ina share hawaye da bakin lulluɓi, don kada matan da ke dawowa daga rijiya su gani.

Na koma Tawa, amma hankalina bai biyo ni ba. Na lalata wa wata amarya yadi, na yanka hannun riga biyu duk na ɓangare ɗaya. Na je asibiti ni kaɗai na yi bayani, suka ce ba a duba mara lafiya daga nesa, in kawo ta, kuma in yi sauri. Wannan "yi sauri" ita ta hana ni sukuni. Muna da zauren dangi a waya, inda kowa ke jefa saƙon murya, sai na shiga turawa. Ina tsara magana, in fara da gaisuwa yadda ya kamata, sannan in zo kan batu. Sai in ga alamar an saurara, in jira. Amsa ta zo: "Lahiya lau Yaya, muna gaida maigida." Gaisuwar kawai suka ji suka wuce. Na koma fara saƙo ba sallama, da kalmar Inna a gaba. Aka ce Yaya ta zama mai tada hankali, zaman birni ya sa mata son asibiti. Wani ɗan'uwa ya turo addu'a mai tsawo, wani ya turo sunan saiwar da ake jiƙawa, ba wanda ya tambayi ma me ke damunta.

Na yi ta zarya tsakanin Tawa da ƙauye har sanyi ya shiga ya fita. Duk zuwa sai tunkiya ta sami sabon labari. Abin ya girma. Fatar wurin ta canza. Wani ya fito a hammata. Daga baya ya fashe, yana ruwa. Matar nan ta gabas da gari ta koma wanke zanenta da kanta, tana shanya shi cikin ɗaki. Inna ta shiga turara ɗakinta safe da yamma, har matar auta na tsokanarta wai ta zama amarya. Ni kaɗai na san abin da turaren ke rufewa.

Na roƙi auta. Ni da na yi masa wanka yana jariri, na durƙusa masa har ƙasa. Ya ce bayan an gama kai gero rumbu. Aka gama, ya ce bayan ya sayar da bijiminsa. Ya sayar, ya ce a jira babban yaya ya zo hutu, tunda shi ke da magana. Ba mugu ba ne auta, yana son Inna kamar ransa. Kawai dai ya tambaya an ce masa lafiya lau, ya rufe batun.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na shiga ɗakinta ba tunkiya ba komai, na tsaya gabanta na dubi idonta.

"Inna, don Allah don Annabi ki tashi mu tahi. Mutuwa za ki yi."

Ta dube ni kamar wadda ta tuɓe a kasuwa. Ta ja lulluɓi ta juya wa bango. Har na bar garin, ko tari ba ta yi kusa da turken ba. Na zauna cikin motar komawa, tsakanin buhunan gawayi da wata Buzuwa mai riƙe da ɗan akuya, ina ta tunanin na toshe 'yar ƙofar da ta rage mini.

Cikin bazara, lokacin da zafi ke sa jakuna neman inuwar juna, Inna ta faɗi gindin randa. Matar auta ta kwance mata zane don ta zuba mata ruwa, ta ga abin da ke ƙasa, ta kurma ihu. Auta ya kira ni yana kuka kamar yaro. "Yaya, kin san da wanga abu?" Na ce ya nemo mota.

A asibiti aka shigar da mu wurin wata lokotoro, yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ba in da ina da ita. Tana tambayar Inna, auta na amsawa.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya ta hwaɗi."

"Tana cin abinci?"

"Tana ci ƙwarai."

Lokotoro ba ta dube shi ba ko sau ɗaya, idonta na kan Inna. Can ta ce, "Malam, ka ɗan jira mu waje." Ya fita. Ni ma na miƙe, don na san Inna ba za ta buɗe jikinta ko bakinta gabana ba. Sai na ji ta ce wa ƙofa, "A bar wagga ta riƙa min takalmi."

Na zauna a kusurwa, fuskata ga bango, takalmanta a kan cinyata. Na ji lokotoro ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi a kan tebur. Ta ce, "Inna, ina jin ki." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar in juya in faɗi komai a madadinta, na ciji leɓe na daure. Sannan Inna ta yi gyaran murya. Ta faro daga nesa, daga wani wanka da ta yi kafin saukar ruwan bara, ta bi ta kan shuka da noma, har da ranar da taɓarya ta fara gagarar ta. Waje mutane cike, ana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar nan ba ta katse ta ba. Kuma Inna ba ta ce wata mace ba. "Ni" ta ce. Na ji shi nan, ya hana ni kwana, na ji tsoro. Ban taɓa jin uwata ta ce ta ji tsoro ba. Na yi kuka ba sauti har hawaye ya jiƙa takalman.

Aka yi hoto, aka ɗebi jini, muka yi ta kai da kawowa. Mijina, Allah ya saka masa, ya kwashe 'yan kayansa ya koma gidan wansa, don Inna ta yarda ta sauka wurina ta kuma iya cin abinci. Ranar da sakamako ya fito lokotoro ta kira ni da auta. Ta ce sankara ce, kuma ta bazu, ta wuce inda ta fara. Ta ce a Yamai akwai maganin da ake yi, mai wuya ne, mai tsawo, yana iya ƙara kwanaki. Auta ya ce, warkewa fa? Ta ce, "Ba ni yi muku ƙarya. Warkewa sai wani ikon Allah."

Nan fa na Abijan ya farka. Saƙo safe, saƙo yamma. A kai ta Yamai, in Yamai ta kasa a wuce gaba, shi ya ɗauki komai. A karon farko bakinmu ya zo ɗaya, kuma ni na fi kowa zafi. Na rufe keken ɗinki, na nemi 'yar'uwar da za mu sauka wurinta, na wanke zannuwa na ɗaure kaya. Na yi ta faɗa a raina, na sha wuya kafin a kawo ta nan, ba zan tsaya a rabin hanya ba.

Gidan ya cika da masu dubiya. Kowa ya zo da maganinsa a baki, wannan nonon raƙumi, wancan rubutu, wata ta ce ƙanwar kakarta ta yi irinsa ta warke da toka. Ana zaune kewaye da Inna ana shawara a kanta, kamar buhun da ake neman motar da za ta ɗauka. Ita kuwa tana kwance, sannu ta amsa, yaya jiki da sauƙi. Hura ma sai ta kurɓa kaɗan ta ture.

Ana gobe za mu tafi, da hantsi, ina ninke zanenta sai hannuna ya tsaya. Tun ranar da ta yi magana gaban lokotoro ban sake jin komai daga bakinta ba sai amsa gaisuwa. Na dubi tsakar gidana. Siminti ne ko'ina, gidan haya, ko kaza ba ni da ita. Turmi ma na daina ajiyewa tun da inji ya zo unguwa. Na kawo ta inda ba ta da wanda za ta yi wa magana.

Na zari lulluɓi na nufi gidan wata maƙwabciya mai kiwo, na ce ta ara mini tunkiya. Ta ce sadaka za a yi? Na ce aro dai, zan maido ta kafin magariba. Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda damuwa ta taɓa wa kai, amma ta kwance mini wata baƙa mai taurin kai. Na jawo ta cikin rana, tana turjewa, 'yan kabu-kabu na yi mini oda, gumi na shiga mini ido. Na sallami sauran baƙi, na ɗaure ta a ƙofar ɗakin da Inna take, na zuba mata ɓawon wake, na zauna daga waje jikin bango.

Inna ta yi dariya. Ta yi ta yi har ciwon ya kama ta, ta dafe gefenta tana nishi.

"Wagga ba ta san ni ba," in ji ta. "Amma dai kunnuwa gare ta."

Na kasa kunne.

"Baƙuwa, bari in ba ki labarin wata macce. Ɗiyanta na so su kai ta Yamai. Ɗiyan kirki na, Allah shi yi musu albarka. Ba ita anka gaya ma abin da lokotoro tac ce ba, amma ta ga huskokinsu sa'ad da sunka hito. Ita ta gaji da buɗe jiki gaban baƙi. Ba ta so ta cika inda ba wanda ya san uwatta, a kai ta a aje cikin mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba. Ɗakinta taka so. Tana so ta ji ƙamshin ruwan hwari, ta ga an hita shibka. Matan da sunka yi wasan gaɗa tare, su taka so su wanke ta."

Ba wannan na jawo tunkiya cikin rana don in ji ba.

"Tunkiya," na ce, "ki ce mata ko wata guda anka ƙara mata, wata na. Ki ce mata tana da ɗiya wadda ba ta shirya ba."

"Ta sani," in ji Inna, a hankali. "Ɗiyag ga ita ɗai ta taɓa jin ta tun da taka duniya. In ita ma ta toshe kunne, to shi ke nan. A kai ta Yamai, ba ta cewa komi."

Na tashi na zaga bayan ɗaki, na toshe bakina da zane na yi kuka kamar raina zai fita. Ba wanda ya ji maganar nan sai ni da dabba, kuma dabba ba ta ba da shaida. Ina iya mayar da tunkiya, in ƙarasa ɗaurin kaya, gobe mu hau mota, kowa ya ce Yaya ta yi ƙoƙari. Na so in yi haka, Allah ya sani na so. Ina son uwata da rai, ko a kwance, ko tana fushi da ni. Na daɗe a wurin har inuwa ta juya, sannan na wanke fuska na ɗauki waya.

Na Abijan bai bari na kai ƙarshe ba. "Ke kinka tada hankalin kowa tun kaka, asibiti, asibiti! Yanzu an samu hanya ke ka cewa a maida ta ƙauye ta mutu? Ba ni ita!"

Na miƙa wa Inna wayar ta hannun auta, wanda ya shigo daidai lokacin, na Abijan ya jefo mata tambaya.

"Inna, kina son zuwa Yamai a yi miki magani, ko ba haka ba?"

"Duk yadda kunka ce."

"Kin ji ko, Yaya?"

Na ce, "Na ji. Kai na ba ka ji ba." Ya kashe wayar.

Auta ya tsaya yana kallon tunkiyar, yana kallona. Na ce masa abu ɗaya nake roƙo, ba na neman ya yarda da ni. Ya shiga ya zauna kusa da ita, kada ya tambaye ta komai, kada ya ba ta haƙuri, kada ya yi mata wa'azi. Ya zauna kawai, komai daɗewa. Ya shiga. Ina hangensa ta labule yana mutsu-mutsu, yana buɗe baki yana rufewa, yana murza hularsa. Aka kira la'asar bai tashi ba. Can na ji Inna ta yi gyaran murya, ta kira shi da sunansa, ta ce, "Ka kai ni gida."

Ya fito idonsa jawur. Ya ce, "Yaya, jibi kasuwar Takanamat. Akwai mota."

Na koma wurin lokotoro ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko Inna ce ta faɗa da bakinta, na ce e. Ta rubuta maganin rage ciwo, ta nuna mini yadda zan riƙa wanke wurin, ta ce in kira ta duk lokacin da abu ya rikice.

Muka ɗauki hanyar arewa da kayan da na ɗaure don Yamai. Na bar ɗinki na zauna ƙauye ina jinyarta. Ba zan ce ta ji daɗi ba, ciwon nan ba shi da imani, akwai ranakun da na yi ta zagin kaina ina cewa da yanzu muna hannun masu magani. Amma ta ga ruwan fari. Muka jawo tabarmarta bakin ƙofa, ta kalli mutane suna wucewa da sungumi da ƙwaryar iri, tana gyara wa matar auta yadda za ta jiƙa wake. Gero bai kai gwiwa ba ta cika, da rana tsaka, cikin ɗakinta. Tsofaffin ƙawayenta suka wanke ta.

Na Abijan ya iso bayan an yi addu'ar uku. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, bai zauna inda nake ba har ya koma. Har yau in ya kira auta yakan ce da an kai ta Yamai da wataƙila tana nan, Yaya ce ta hana. Wasu ranakun ni ma ina tambayar kaina, in tsayar da keke in rasa abin da nake ɗinkawa. Wataƙila da ta ƙara wata, wataƙila da ta ga kaka. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani, ta faɗa, kuma ina wurin na ji.